Kalmar da Ta Kai Ni Karaye

Na san abin da aka faɗa muku. Tun kuna ƙanana kuke jin cewa babanku ya kusa zama babban malamin Littafi Mai Tsarki, sai ya je ya tare a zauren wani malami a Karaye har ya kusa barin addininsa, dattawan ikkilisiya suka janye hannunsu daga kansa. Wasu ma cewa suke korata aka yi daga makaranta. Ban taɓa tsayawa na musa ba, domin a lokacin ina ganin wanda ya san gaskiyarsa ba ya bukatar shela. Yanzu da jikoki suka fara tambaya, idona kuma ya fara gajiya da ƙananan baƙaƙe, gara ku ji daga bakina. Ba a kore ni ba, ban kuma taɓa tunanin barin addinina ba. Kalma ɗaya ce ta Girkanci ta kai ni Karaye.

A shekarata ta ƙarshe a makarantar koyon aikin bishara, can kudu da mu a ƙasar duwatsu, muna da malamin Girkanci, wani siririn mutum da ba ya dariya sai ɗalibi ya yi kuskure mai daɗi. Da za a sallame mu mu je aikin wata biyar a ƙauyukanmu, sai ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana miƙa wa kowa 'yar takarda mai kalma guda. Ya ce kowa ya dawo masa da rubutu a kanta, kuma ba abin da ƙamus ya ce yake nema ba, yadda kakarka za ta faɗe ta a tsakar gida yake so. Tawa ita ce epiluo, mu muna cewa efiluwo. Rabinta na baya, wato luo, ita ce kalmar aikatau ta farko da ake koya wa kowane ɗalibi, ana juya ta ana sake juyawa har baki ya gaji, ma'anarta kwancewa ko saki. Gutsuren da ke gabanta kuma yana nufin a kan abu. Girkawan dā suna amfani da ita in za su saki karnukan da ke ɗaure, ko in za su ɓalle hatimin wasiƙa. A Sabon Alkawari kuwa sau uku kacal ta fito, in an haɗa da inda ta zo a matsayin suna. Na farko inda Almasihu yake yi wa jama'a magana da misalai, in sun keɓe da almajiransa sai ya yi musu wannan abin. Na biyu inda wani magatakardan gari yake kwantar da tarzoma, yana cewa in da sauran magana a kai ta majalisa a yi mata wannan abin. Na uku inda aka yi gargaɗi cewa maganar annabci ba abin da mutum zai yi wa wannan abin da ra'ayin kansa ba ce. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, me ya haɗa sakin kare da bayanin misali da sasanta rigimar gari? Da wannan tambayar na shigo mota na dawo gida.

Gidanmu a lokacin yana wani ƙauye kusa da Beli. Kakanku, Baba Nomau, bamaguje ne, bai shiga coci ba bai shiga masallaci ba, kuma duk yankin ba wanda ya kai shi tufkar igiyar rama. Inna ita ce ta fara bin Almasihu a gidan, ita ta ja ni. Ga kuma mahaifiyarku Saratu, tana goye da yayarku Rifkatu. An riga an gaya mana cewa in na gama, makarantar za ta tura ni ƙarin karatun Girkanci na shekara biyu a birni, muddin dattawan ikkilisiyarmu sun sa hannu a takardar shaida. Ita ma Saratu an yi mata alkawarin gurbin koyon aikin ungozoma a wani asibiti da ke kusa da can. Har ta fara ware kwanonin da za ta tafi da su tana ɗaurewa.

Wata rana da hantsi na sami Baba a gindin ɗorawa, ya miƙe ƙafa ya saƙale bakin igiya a babban yatsansa yana murzawa. Na gaishe shi, na zauna, na kwashe bayanin kalmar nan na faɗa masa ina tsammanin zai ce in ba shi wuri. Bai ɗaga kai ba ya ce:

"Da me aka ɗaure?"

Na ce, "Baba, ɗaure me?"

"Abin da za a kwance ɗin. Ka ce kalmar kwancewa ce. Ai sai ka san irin ɗaurin kafin ka san sunan sakinsa."

Wata guda na yi ina bin littattafai, ba wanda ya yi mini wannan tambayar. Ya jawo guntun igiya ya yi mata ƙulli, ya zare, ya ce wannan shi ne kwancewa, akuya ta tafi, igiya tana nan da ranta. Sannan ya kama bakin igiyar ya murza ta baibai har zaren rama ya rabu ya zama buyaya, ya ce wannan kuma warwara ce.

"In ka warware igiya ka kashe ta. Mutumin naku in ya gama yi wa yaransa bayani, misalin yana mutuwa ne?"

Na ce ba ya mutuwa, har yau ana karanta shi.

"To kwancewa ya yi. Rubuta haka."

Inna tana gefe tana ɓarar gyaɗa, ta ce mu dai a coci fassara muke cewa. Na ce ai fassara ba asalin Hausa ba ce, daga Larabci aka aro ta, kuma ban san me take nufi can a gidansu ba. Sai Inna ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba:

"Akwai wanda ya sani a Karaye."

Hannun Baba ya tsaya. Ya naɗe igiyarsa ya tashi ya shige gida.

Wanda Inna take nufi ƙanin Baba ne uwa ɗaya uba ɗaya. Tanko ake ce masa yana yaro. Ya musulunta tun yana saurayi, ya bi malamai ya yi karatu mai zurfi, ya zauna a Karaye ana kiransa Malam Haruna. Musuluntar tasa ba ta raba su ba. Abin da ya raba su shi ne ranar da mahaifinsu ya rasu, Baba ya yanka bunsuru da hannunsa aka yi tuwo, Baffa Haruna ya zo ya yi kuka ya zauna, amma ya ƙi sa hannu a kwanon saboda ba yankan Musulmi ba ne. Baba ya ce ƙaninsa ya ƙi cin abincin gidan ubansu a gaban mutane. Daga ranar, shekara ashirin da biyu, ba wanda ya taka ƙofar wani. Ni kaina, tun da na yi wayo, sau biyu na taɓa ganin Baffa, daga nesa a kasuwar Rogo.

Ba zan yi muku ƙarya in ce sulhu na je yi ba. Son sani ne kawai ya hana ni zama. Na hau keke zuwa Rogo, na ajiye shi a shagon wani abokina, na shiga akori-kura zuwa Karaye. Na sami Baffa a zaure kan buzu, littattafai masu jar fata jere a bayansa. Da na yi sallama ya dube ni tun daga ƙafa har kai, sai ya ce:

"Wannan goshin na gidanmu ne. Kai ne Iliyasun Yaya?"

Na ce Iliya, ya ce duk ɗaya ne. Muka gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi amfanin gona, ya tambayi rijiyar bayan gida ko har yanzu tana kaiwa bazara, bai tambayi Baba ba. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, sai fuskarsa ta saki kamar an ba shi kyauta. Ya sa na rubuta masa kalmar da baƙaƙen Girkanci, ya juya takardar sama da ƙasa yana dariya, ya ce ƙananan tsutsotsi ne. Sannan ya fara jawo littattafai. Ya ce fassara a Larabci asalinta yaye murfi ne daga kan abin da ke rufe. Sharhi kuma, da muke ji kullum a rediyo, daga aikin mahauci ya fito, a tsaga nama a shimfiɗa shi a ga cikinsa. Amma akwai ta uku, ya ce, ita ce 'yar'uwar taka: kalmar da Balarabe yake faɗa in ya kwance ƙulli, ita yake faɗa in ya magance matsala, har manyan da ake kai wa al'amarin jama'a ana kiransu masu kwancewa da ɗaurewa. Nan take na tuna magatakardan nan da majalisarsa. Ya ƙara da cewa da ita Annabi Musa ya roƙi a saki ƙullin da ke harshensa don a gane maganarsa. Mutanen da teku ya raba, ga shi sun ga magana mai wuya sun kira ta ƙulli. Na rubuta har biro ya ƙi.

Amma da muka zo kan Hausa, Baffa ya ce warwara ce ta dace. Ai Bahaushe cewa yake an warware matsala, in kuma ana son cikakken bayani a ce a warware zare da abawa. Sai bakina ya suɓuce na ce Baba ya ce wanda ya warware igiya ya kashe ta. Baffa ya ajiye littafin da ke hannunsa.

"Yaya ne ya faɗi haka?"

Na ce shi ne.

"Har yanzu yana saƙale ta a yatsan hagu?"

Na ce har yanzu. Ya shafa gemu, ya ce:

"Ka ce masa, in ba a warware ba, ta yaya mai saye zai san rama ce zalla, ko an cusa ruɓaɓɓiya a tsakiya?"

Na kwana biyu ina juya saƙon kafin na isar. Na zaci Baba zai zage ni. Sai ya jefar da abin da ke hannunsa ya ce, wato mutumin Karaye ne zai koya masa igiya? Ya ce in koma in gaya masa mai ido ba ya bukatar ɓata igiya kafin ya san cikinta, ja ɗaya ya ishe shi. Na koma. Baffa ya ce ba kowa ne mai ido ba, don marasa ido ake yin bayani. Na dawo da wannan. Haka na zama ɗan aike. A cikin wata uku na je Karaye sau bakwai, Baba bai taɓa kiran sunansa ba, kullum mutumin Karaye, amma ranar da zan dawo sai in tarar ya matsar da tabarmarsa zuwa inda ake hango hanya. Inna tana ganin komai, sai ta riƙa ƙulle mini daddawa a leda in kai.

Magana ba ta ɓuya a ƙauye. Wata Lahadi bayan sujada dattawa suka ce in tsaya. Shugabansu Dattijo Ayuba ne, kuma ina so ku san ba mugu ba ne. Shi ya ɗauki ƙasa a ka aka gina cocin nan lokacin da ake yi musu dariya, kuma ɗansa na fari ya tafi cin rani bai dawo da addininsa ba. Tsoronsa yana da tushe. Ya ce an gan ni zaune a buzun malami ina rubuta abin da yake faɗa, kuma matasan coci suna kallona. Na ba su labarin kalmar tun daga farko. Ya saurara, sannan ya ce:

"Iliya, kai da bakinka ka ce wuri na uku gargaɗi ne kada mutum ya yi wa Maganar Allah bayani da ra'ayin kansa. Ga ka kana yawo da ita gida-gida."

Na ce, "Dattijo, ai shi ya sa ban zauna da ita ni kaɗai ba. Kuma ba ma'anar aya nake tambayarsa ba, asalin kalma nake tambaya. Baffana ne."

Ya ce sun yi shawara. In tashi gaban jama'a mako mai zuwa in ce na daina zuwa Karaye, su kuma su sa hannu a takardata. In ba haka ba, ba za su iya shaida wa makaranta cewa sun amince da ni ba. Ya ce in je in yi tunani.

Ban yi tunanin ba. Nan take na ce ba zan iya ba. Abin da dattawa ba su sani ba shi ne, kwana uku kafin nan Baba ya kira ni ya ce ya gaji da aike, baki ba ya koya wa mutum igiya, in zan koma zai bi ni ya nuna wa mutumin Karaye da hannu. Da na faɗa musu wannan, wataƙila da sun sassauta. Amma na san Baba, in maganar ta fita ta zaga gari cewa zai je wurin ƙaninsa, to ya fasa kenan har abada. Na zaɓi in yi shiru. Akwai kuma girman kai a ciki, ba zan ɓoye ba. Na ji zafin a ce sai na nemi izini kafin in yi tambaya.

Ranar kasuwa muka tafi. Baba ya sa babbar rigarsa ta saƙi, ya rataya igiya sabuwa a kafaɗa, ya riƙo wani jan zakara ɗaure da ƙafa, bai ce mini na mene ne ba. Da muka isa zauren, Baffa ya miƙe har littafi ya faɗi daga cinyarsa, ya durƙusa ya ce, "Yaya, sannu da zuwa." Baba ya ce, "Tanko, ka tsufa." Iyakar gaisuwar kenan. Ya zauna a ƙasa ya ƙi hawa buzu, ya jawo igiya ya fara ƙullawa yana kwancewa yana faɗa, Baffa yana buɗe littafi yana mayar masa. Sun yi ta musu har aka kira azahar. Da Baffa ya dawo daga masallaci, Baba ya tura masa zakaran da ƙafa, yana kallon wani wuri daban, ya ce:

"Ga shi. Wuƙarka, hannunka. Sai in ga da me za ka fake yau."

Baffa ya ɗauki zakaran ya shiga gida, ya daɗe bai fito ba. Da la'asar aka kawo tuwo, suka ci a kwano ɗaya. Ba wanda ya ba wani haƙuri, ba wanda ya ta da zancen bunsuru. Kan kalmar kuwa ba su taɓa daidaitawa ba. Daga shekarar, duk kaka Baffa yana zuwa ƙauye ya yi kwana biyu, su ɗora musun daga inda suka tsaya, har Baba ya rasu bayan shekara tara.

Takardar ba a sa mata hannu ba. Na koma makaranta na gama, na karɓi shaidata kamar kowa. A rubutuna na sa kalmomin biyu, kwancewa da warwara, na faɗi hujjar kowanne, malamin ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi ba, ya ba ni maki mai kyau, amma ya ce dokar makaranta ba a hannunsa take ba. Aka ba wani gurbina. Na dawo na shiga koyarwa a firamare a Rogo, ina noma, ina wa'azi a ƙauyuka ranar Lahadi, Girkancin kuma ya riƙa zubewa kaɗan-kaɗan har ya rage abin da na rubuta muku a nan. Dattijo Ayuba ya zo gaisuwar rasuwar Baba, ya ga Baffa yana kuka a ƙofar gida, ya riƙe hannuna ya daɗe. Ban riƙe shi a zuciya ba, ku ma kada ku riƙe zuriyarsa.

Da na kawo nan a rubutun, na ɗauka na gama. Jiya da yamma na karanta wa mahaifiyarku, tana zaune tana gyaran zogale. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce:

"Malam, ka manta wani abu."

Na ce mene ne.

"Kwanonina. Da hannuna na kwance su na mayar cikin ɗaki. Duk matar da ta sha wuyar haihuwa a ƙauyen nan, sai na ce da ina da ilimin da na taimaka. Na yafe tun tuni, ba shi nake nufi ba. Amma ka rubuta cewa ka tambayi Baba, ka tambayi Baffa, ka tambayi littattafan matattu, ni da nake ɗaki ɗaya da kai ba ka tambaye ni ba. Ba kan tafiyar ba, ba kan kalmar ba."

Gaskiya ta faɗa. Ranar da na ba dattawa amsa, a bakin matan coci ta ji. Can na ce, to yanzu na tambaya, da wace kalma za ki faɗe ta? Ta ci gaba da tsinke zogalenta kamar ba ta ji ba, sannan ta ce:

"Tsifa. Yadda ake tsefe kitso. Ba a ja, ba a yankewa, ana bi ne layi-layi daga ƙasa, gashin yana nan, kuma don a sake kitsa shi ake yi. Na gaban goshi mace tana iya yi da kanta. Na ƙeya kuwa sai ta sa kai a cinyar wata."

Na ajiye biro na daɗe ina kallonta. Sama da shekara arba'in amsar tana ɗakina, ko keke ba sai na hau ba.

Ta ce, "Ka rubuta, ko sai na maimaita?"

Na rubuta.